Jan Zare a Koriyar Riga

Malamar bayoloji ta shigo aji da wasu katuna masu ɗigo-ɗigo, ta ce kowa ya zo gaban tebur ya faɗi lambar da ya gani a ciki. Darasin gado suke yi, yadda halitta ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Kowa ya leƙa, ya faɗi lamba, ya koma kujerarsa. Da aka zo kan Auta, ta ƙura wa katin ido har ƙwalla ta taru, ba ta ga komai ba sai ɗigo kamar an watsa tsakuwa.

"Malama, wannan ai babu lamba."

Aji ya tuntsire da dariya. Malama ta canja mata kati, ta sake canjawa, sannan ta ce, "Ba ciwo ba ne, idonki ne bai cika raba ja da kore ba. A maza aka fi samunsa. Mace kuwa sai ta gado shi ta gefe biyu: uwa tana ɗauke da shi a ɓoye, uba yana da shi a fili. Babanki ma haka yake, ko?"

"Babanta fa tela ne, Malama," in ji Rediyo, ƙawar Auta, wadda bakinta ya jawo mata sunan. "Duk unguwarmu babu mai idon haɗa kala kamarsa."

Malama ta kawar da kai. Ta hau tattara katunan da sauri, tana cewa ai wani lokaci kati kan yi kuskure. Wannan saurin shi ya tsaya wa Auta a rai. Kafin a tashi aka ba su aikin gida: kowa ya zana taswirar danginsa, namiji akwati, mace da'ira, a cike da baƙi duk wanda ke da halin da ake bibiya.

Gefen Mama bai yi wuya ba. Akwai Kawu, ƙanenta, wanda har yau ba a aikensa sayen tumatir, don ɗanye shar yake kwasowa ya rantse ya nuna. Mama na wanke-wanke tana ba da labarin tana dariya.

"Baba fa?" Auta ta tambaya.

Dariyar ta ɗauke. "Me ya sami babanki?"

"Malama ce ta ce..."

"Wace irin makaranta ce ke aiko yara su binciki iyayensu? Ki rubuta lafiyarsa ƙalau." Ta juya mata baya, ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita fes.

Auta ta gwada Gwaggo, yayar Baba, da ta zo ziyara ran Alhamis. Gwaggo ta taɓe baki. "Mu gidanmu idon shaho gare mu. Ke dai daman ba ki ɗauko mu ba, dubi hancin nan." Tun Auta na rarrafe Gwaggo ke wannan tsokanar, amma ranar sai ta ji ta kamar an soka mata allura.

Daga nan komai ya zama abin zargi. Ta ɗauko hoton Baba na saurayi ta tsaya gaban madubi, tana gwada kunne da kunne, goshi da goshi. Sau biyu ta shiga falo iyayenta suka yi shiru lokaci guda. A makaranta Rediyo, wadda ba ta taɓa barin zance ya kwana ba, ta daina tayar da maganar katunan gaba ɗaya, sai dai kallo ta gefen ido. Takardar aikin kuwa tana cikin jaka, da'irar Auta baƙa ƙirin a ƙasa, akwatin Baba fari a sama.

Ta fara biyawa shago bayan an tashi makaranta. Ɗan ɗaki ne, keken ɗinki a bakin taga, almakashi da alli a kan tebur, yadudduka a ninke a kanta har kusa da rufi. Ta ɗaga wani ƙyalle.

"Baba, wannan wace kala ce?"

"Kore," ya ce, bai ko ɗago kai sosai ba. "Yau kuma jarrabawa ake mini?"

Ba ta da yadda za ta san ko daidai ya faɗa. Amma da ta mayar da ƙyallen, sai ta lura kowane yadi da ke jiran ɗinki akwai zare guda a cuse cikin ninkinsa. Baba bai taɓa zuwa kwalin zare ya zaɓa ba, abin da ya tarar a ciki shi yake ɗaurawa. Kuma kullum da safe Mama ce ke zuwa shagon, wai shara, ta hana kowa ya taya ta.

Auta ta yi ta juya abin a ranta. Ko Baba ne ke ɓoye wani abu, ko Mama ce. Tambaya kuma ta ga ba za ta fisshe ta ba.

Ran Juma'a ta tsallaka wani titi inda ba a san ta ba, ta ce wa mai kayan ɗinki ya ba ta jan zare, wanda bai cika haske ba. Washegari ta zo shago da sunan taya aiki. Akwai rigar aikin wata ma'aikaciyar jinya, an yanka saura haɗawa, ta kuma ji matar da bakinta tana cewa koriya ce. Da Baba ya fita gaisawa da mai askin da ke maƙwabtaka da shi, ta zare zaren da ke ciki ta cusa nata. A idonta duk ɗaya suke.

Baba ya dawo, ya warware yadin, ya ɗauki zaren. Ya riƙe shi jim kaɗan a hasken taga. Auta ta zuba masa ido. In ya jefar da shi ya ce wa ya kawo wannan, to ta san amsar da ba ta so: ba shi ne mahaifinta ba.

Ya lashi bakin zaren, ya zura a allura, ya taka keke.

Ya ɗinke kafaɗa, ya ɗinke wuya, ya yi wa aljihu layi biyu a waje don ado, yana ɗan fito. Auta na zaune a benci, tana murnar bai gane zaren ba, tana kuma tsoron abin da zai biyo baya. Ta yi niyyar tsayar da shi. Tana cikin neman ta inda za ta fara, sai ga mai riga.

Matar ta ɗaga rigar, ta dubi Baba. "Tela, lafiya kuwa? Wannan ai kamar an yi wa rigar tiyata! Jan zare a kan kore? Da wannan zan shiga wurin marasa lafiya?"

Mai aski ya leƙo, da almakashi a hannu. Baba ya karɓi rigar ya duba sama da ƙasa, kuma kowa a wurin ya ga bai san inda laifin yake ba. Ya ce a yi haƙuri, ta dawo jibi.

Matar na fita Mama na shigowa da abincin rana. Ta kalli rigar, ta ciro zaren daga kan keke ta juya shi. "Wannan ba irin wanda nake saye ba ne." Idonta ya sauka kan Auta.

"Ni na saka," Auta ta ce.

"Don me?" in ji Baba.

"Malama ta ce in dai ina da shi, to dole mahaifina yana da shi. Kowa kuma ya ce kai ba ka da shi."

"Kina da me?" Ya tsaya, ya dube ta da kyau. "Ke ma?"

"Tun tana ƙarama na gane," Mama ta ce. "Ban faɗa maka ba don kada ka ɗora wa kanka."

Baba ya zauna daɓas, ya yi wata 'yar dariya yana girgiza kai. "Oh, 'yar nan. Gadon da na ba ki ke nan."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon a kan tebur a hankali. "In da ya gane zaren fa, Auta? Da me za ki kira ni?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Ita da Baba suka wuni suna farke ɗinkin. Kafin mako ya zagayo mai aski ya kai labari ko'ina. Wasu suka ɗauke kayansu suka kai wani shagon, wasu suka riƙa zuwa da zarensu a hannu suna tsokanarsa, shi kuma ya koyi rama tsokanar. Da kansa ya karɓi biro ya cike akwatinsa a taswirar. Malama ta daɗe tana kallon takardar, ta sauke ajiyar zuciya, daga ranar kuma ta daina tambayar kowa zancen gidansu a gaban aji. Gwaggo dai ta ce sharrin turawa ne, ƙanenta garau yake.

Wurin Mama ne abin ya daɗe. Ta ci gaba da yi wa Auta komai, amma magana sai ta dole. Wata Lahadi tana guga a tsakar gida, Auta ta je ta durƙusa kusa da ita ta ce ta yafe mata.

"Na yafe," Mama ta ce, ba ta daina gugar ba. "Amma zuciya ba riga ba ce, 'yata, sai a hankali. Tashi ki kwashe shanyar can, hadari ya taso."