Layin da Gwani Ya Goge

Gwani ya goge layi ɗaya daga manhajar kantin magani, da aka tambaye shi kuma ya ce bai taɓa komai ba. Gogewar ganganci ce. Ƙaryar kuwa rashin tarbiyya ce tsagwaronta.

Injiniya ce ta rubuta manhajar, ita ce kuma mai ofishin, ɗakuna biyu a saman wani shagon ɗinki. Gwani ƙanin mijinta ne. Don yana da kai ta ɗauke shi aiki, shi kuwa dangantakar ya riƙe hannu bibbiyu.

Ranar Talata da hantsi mai kantin magani ya hauro bene yana haki, ya dire mata kwalbar allura a kan tebur.

"Karanta ranar da ke jiki."

Ta karanta. Wata biyu ke nan da lalacewarta.

"Kwamfutarki ce ta ce a sayar. Allah ya sa matar da ta saya ta duba kafin a yi wa ɗanta. Zuwa la'asar ki gaya min abin da ya faru, in ba haka ba in koma biro da takarda, in kuma bi masu kantin layinmu ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu."

Kantuna biyar ne a layin, duka da manhajarta suke aiki, kuma ba ta da wasu abokan ciniki bayan su.

Tsarin ba wani mai wuya ba ne. Akwai babban aji mai suna Magani, shi ne uwa. A cikinsa akwai aiki mai suna fitar, wanda ba ya barin kaya su fita sai ya duba ranar lalacewa. Ƙwaya da Sirof da Allura 'ya'yan wannan uwa ne, sun gaji komai nata. Sai dai Allura tana da nata fitar ɗin, domin ita sai an duba sanyin firij. To idan 'ya ta yi nata aikin da sunan na uwa, na uwar ba ya motsi sai 'yar ta kira shi. Kiran layi ɗaya ne tak: supa, ɗigo, fitar, wato a kira fitar ɗin uwa. Injiniya da hannunta ta sa shi.

Ta buɗe fayil ɗin Allura. Babu layin.

"Gwani, cire abin kunnen nan. Ka shiga Allura?"

"Ni, matar Yaya? Ko hanyar fayil ɗin ban sani ba."

Ta ja dogon tsaki, ta buɗe tarihin canje-canje, ta juya masa fuskar kwamfutar. Ga sunansa, ga Alhamis, ga ƙarfe uku da kwata.

Ya sosa ƙeya. "Au, wannan. Ai gwaji ne ya ƙi wucewa, kullum ja. Da na cire layin sai ya koma kore."

"Ka tambayi kanka me ya sa yake ja?"

"Haka nan kawai ya fara."

"Haka nan a gidan wa? Allurar da muka sa a gwajin ce ranarta ta wuce, uwar ta hana ta fita. Aikinta ta yi! Ranar za ka canja, sai ka toshe wa uwar baki."

"To ni na ɗauka tunda gado ne, uwar za ta yi nata da kanta."

"Kai ma ai ka gaji ƙwaƙwalwar babanku. Ta taɓa yin aiki ba ka kira ta ba?"

"Wallahi zan gaya wa Yaya kina zagina."

"Gaya masa. Ka haɗa da Mama, ka kai musu kwalbar su gani."

Mayar da layin bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Ta gyara ranar gwajin, ta tura sabuwar manhajar zuwa kantunan. Abin da ya cinye mata rana shi ne bin sawun duk allurar da ta fita tun Alhamis. Goma sha ɗaya ne, uku lalatattu. Ɗaya tana kan teburinta. Biyun wata ma'aikaciyar jinya ce ta saya, kuma sai a kira na shida ta ɗaga waya. Suna cikin jakarta, ba ta fasa su ba. Injiniya ta ajiye wayar, shayinta ya huce tun tuni, Gwani kuma yana tambaya ko zai iya fita cin abinci.

Kafin la'asar ta tasa shi gaba har kantin. Ta tsaya a bayansa, ta ce ya faɗa da bakinsa. Ya fara da "an samu ɗan kuskure."

"Wa ya samu?" in ji ta.

"Ni na goge."

"Da aka tambaye ka fa?"

Ya dubi takalminsa. "Na ce ba ni ba ne."

Mai kantin ya kalle su su biyun. Sannan ya ce zai ci gaba da manhajar, amma daga yau kowace kwalba sai idon mutum ya ga ranarta, shi kuma ba shi da mutumin da zai sa.

"Kana da shi," in ji Injiniya.

Ta karɓe izinin Gwani na taɓa manhajar. Wata biyu Gwani ya yi yana zagaya kantunan nan biyar kowace safiya, tsugune gaban firij, yana karanta ranar kwalabe ɗaya bayan ɗaya.