Kiɗan da Ya Ɓace wa Malam Jaji

Zaren kaset ɗin ya tsinke a hannun Sharhabilu daidai lokacin da Hajiya Safara'u ta yi sallama a bakin ɗakin. Ya yi tsuru riƙe da biron da yake naɗe zaren da shi. Daga kan katifa mahaifinsa, Malam Jaji, ya buɗe ido ya kalli abin da ya faru, ya mayar ya rufe.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu a unguwar Takur, don haka ta san zancen tun kafin a faɗa mata. Tun da aka sallamo Malam Jaji daga asibiti aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ba ya neman koko, ba ya neman magani, kiɗa ɗaya kawai yake nema. A zamaninsa shi ne mai lasifikar biki. Daga Garki har Buji, in ba a ga kekensa ɗauke da batirin mota da akwatin kaset ba, 'yan mata cewa suke ba a yi biki ba. Yaran yanzu da ke danna waya suna girgiza kafaɗa ai ba su san rawa ba. A lokacin, kafin a tashi sai fili ya yi rami.

Kiɗan da yake nema kuwa ba a taɓa sayar da shi a kasuwa ba. Kalangu ne da ya ɗauka da rakodarsa a wani biki a Buji, ranar da ya fara ganin Adda, matarsa marigayiya, a tsakiyar fili. Sharhabilu ya ce ya bincika waya har ya gaji, kaset ɗin nan ne kaɗai ya rage, ga shi kuma ya tafi.

"Hajiya," in ji Malam Jaji, muryarsa can ƙasa, "ke ce a gefen Adda ranar nan. Yaya ma yake farawa? Ya ɓace min."

Kunya ta rufe ta. Ta ce Malam a bar tuna wannan, a yi ta salati, ta yi masa fatan sauƙi ta fito.

Ita ce fa ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa. Rabin mutanen layin ba su san ta taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba, ga kuma malamai 'yan dubiya cike da zauren Malam Jaji. Amma har ta idar da la'asar maganarsa na cin ta a rai. Mutumin da ya sa ƙasa guda rawa, yau shi ke roƙon a tuna masa kiɗa, ita kuma da ta rage a cikin waɗanda suka taka shi ta hana shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

A tsakar gidanta ta jawo baho jikin katanga, saitin tagarsa, ta cika shi da ruwa, ta kifa ƙwarya a kai, ta ɗauko ludayi biyu. Surukarta Mashkura ta leƙo daga ɗakin girki tana tambayar ko lafiya.

"Wanke-wanke nake yi," in ji Hajiya, ko kallonta ba ta yi ba.

Da farko hannun ya yi ta tuntuɓe, daga baya ya kama hanya da kansa. Hirar da ake yi a zauren maƙwabta ta ɗauke ɗif. Ta ji sarai, ta san kuma gobe da zancen wa za a tashi a unguwa, amma ba ta tsaya ba. Adda take gani, ta ci ɗamara da gyale, tana juyi tana yi wa makaɗa dariya.

Can sai ta ji wani ɗan ƙwas-ƙwas daga bayan katanga. Zobe ne ake bugawa a jikin kwanon sha, a hankali, yana bin ta. Da ta kauce ya tsaya, ya jira ta dawo, sannan ya ci gaba. Ko a wannan hali Malam Jaji bai yarda a ɓata kiɗa a gabansa ba.

Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Bayan an dawo daga maƙabarta Sharhabilu ya shigo ya durƙusa a gabanta. Ya ce jiya tana gamawa Baba ya nemi ruwan alwala, ya ce to yanzu a sa masa karatu, kuma da kalmar shahada ya cika.

"Ya bar miki saƙo, Hajiya. Ya ce ya gode. Amma wai kin yi sauri a tsakiya, Adda ba ta son a yi mata sauri."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta. Ta ce gaskiyarsa ne, Allah Ya jiƙansu duka.

Da ya fita ta zauna a bakin ƙofa. Bahon na nan jikin katanga, ba wanda ya zubar da ruwan. Wata kaza ta hau bakinsa tana sha, ƙwaryar na juyawa a hankali.