Funfuna a Idon Auta

Mako uku bayan ruwan zafi ya ƙona Auta, likita ya ja mahaifinta, mai walda, gefe. Ya ce wata cuta dangin funfuna ta bi ta ƙunar ta shiga jininta, har ta kai idon dama, ana tsoron ta rasa shi.

Mai walda ya san funfuna. Abin da aka ajiye aka manta take kamawa. Uwar yarinyar ta rasu, shi kuwa sai yamma yake leƙowa asibiti.

Washegari bai buɗe shago ba, ya zo ya zauna bakin gadonta.

"Baba, kai ne? Hayaƙi kawai nake gani."

"Ni ne, uwar rigima."

Ya ja kujerarsa hagu, inda take iya ganinsa, ya tuɓe takalmansa.