Igiya a Ƙofar Gidan Thygerson

Gidajen dutse suna da yawa a garin Kedron, amma in aka ce "gidan dutse" kowa ya san na Verl Thygerson ake nufi. Kakan mahaifinsa, Mogens, shi ya gina shi, bayan ya turo amalanke da ƙafa tun daga gabas tare da sauran masu bin addininsu, ya binne 'ya'ya biyu a hanya. Har yanzu ana ganin sawun gizagonsa a jikin farin dutsen. A ɗakin gaba aka haifi Verl, nan ya kawo amaryarsa Arvilla, nan kuma ya rufe mata ido bayan sun tsufa tare.

Verl makiyayin tumaki ne, daga baya ya koma kiwon talotalo kamar kowa a kwarin, har ƙarfi ya ƙare. Mutum ne mai kaifin baki, ba ya fashin coci, ba ya kuma barin magana ta wuce shi. Shi da hannunsa ya ƙara wa gidan kicin da banɗaki na katako ta baya, a shekarar da aka haifi 'yarsu LaRae, saboda Arvilla ta rantse ba za ta sake jan ruwa a rijiya da goyo a hannu ba. Ita kuma ta dasa itacen tuffa a ƙofar gida. Tun da ta rasu, a kicin ɗin nan yake wuni, kan kujerar da ke jikin murhu.

Akwai wata mata a garin, Nedra Mortensen, shugabar ƙungiyar matan da ke kula da tarihin majagaba, wato mutanen da suka fara zuwa suka kafa garin. Shekara da shekaru tana zarya a gidan, kullum da burodi mai zafi a hannu.

"Ɗan'uwa Verl," in ji ta, "gidan nan fa ba naka ba ne kai kaɗai. Na duk garin ne."

"Na duk garin? Madalla. To ki gaya wa duk garin rufin baya na yoyo, su zo da tsani."

"Kai dai ba ka rabo da wasa. Mu so muke mu girmama kakanka."

"Kakana yana maƙabarta, 'yar Mortensen, bayan coci. Ki kai masa burodin, ba zai yi miki musu ba."

Sai ta yi dariya ta tafi, wani makon ta dawo.

Da kaka ta yi, Verl ya hau tsani zai tsinko tuffa, ƙafa ta zame, ya faɗo ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibiti a Provo, ya daɗe a kwance. Da aka sallame shi, LaRae ba ta ɗauki hanyar Kedron ba, gidanta ta kai shi. Ta gyara masa ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, mai 'yar taga daidai da ciyawar tsakar gida, ba ya hangen komai sai tayar mota da ƙafafun masu wucewa.

Ya yi haƙuri har ƙanƙara ta narke. Wata safiya da ta kawo masa abin karin kumallo ya ce, "LaRae, yaushe za ki mai da ni gida?"

"Baba, nan ma ai gida ne."

"Ban tambaye ki nan ba."

Ta ajiye farantin, ta zauna a bakin gado tana murza zobenta. Sannan ta gaya masa. Ita da ƙaninta Kendell sun ba garin gidan. Dama bayan rasuwar uwarsu shi da kansa ya mai da gidan da sunansu, don kada su sha wahala bayan ransa. Likita ya ce ba zai iya zama shi kaɗai ba. Ita aikinta a nan yake, Kendell yana can Arizona, gidan kuwa in aka bar shi ba kowa rushewa zai yi. 'Yar'uwa Nedra ta yi alkawarin za su gyara shi, ya koma yadda yake a zamanin Mogens.

"Sunanmu zai tabbata, Baba. Jikokinka za su zo su gani."

Verl ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, "Na ce bayan raina. Ko kin ga alamar na mutu ne ba a gaya mini ba?"

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba. Abincin ya huce a wurin.

Ranar Majagaba, tsakiyar zafin Yuli, aka sa bikin buɗe gidan. Nedra ta buga waya ta ce shi ne babban baƙo, shi zai yaye ƙyallen da aka rufe wani dutsen tunawa da Mogens da shi. Da farko ya ce ko gawarsa ba za ta je ba. Amma da safiyar ranar, LaRae ta sauko ta same shi ya riga ya sa farar rigarsa ta coci, yana fama da maɓallin wuya. Ƙasan zuciyarsa so yake ya ga gidan, ko da daga nesa.

Sun tarar garin ya cika. Yara suna tura ƙananan amalanke a titi, 'yan mata sun sa dogayen riguna da hulunan kaka da kakanni, ƙamshin gasasshen talotalo ya cika ko'ina. Da motar ta shawo kwana, Verl ya ɗago kai. Itacen tuffa babu shi. A gurbinsa an kafa wani dogon abu lulluɓe da shuɗin ƙyalle, an zagaye shi da furanni.

Nedra ta taho da sauri cikin tata doguwar rigar, fuska sai annuri. "Ɗan'uwa Verl! Sannu da zuwa gida!"

"Ina itacen?"

"Ayya, ai ba na zamanin Mogens ba ne. Kuma yana tare gaban gidan, ba a samun hoto mai kyau."

Ya dogara sandarsa ya zaga ta baya, LaRae tana biye tana kiran sunansa a hankali. Bayan gidan fili ne fetal, an shimfiɗa sabuwar ciyawa. Kicin babu, banɗaki babu. An toshe ƙofar da ya fasa da sabon dutse, an goge wurin tas, sai ɗan bambancin launi ke nuna an taɓa yin wani abu a nan. Ya tsaya daidai inda murhun yake a da, rana tana dukan kansa. A nan Arvilla take tsayawa tana murza ƙullu, tana yi masa faɗa kan takalmansa masu taɓo.

"Kin sani?" ya tambayi LaRae.

"Sun ce za su cire abin da aka ƙara. Ban ɗauka..."

"Abin da aka ƙara," in ji shi. "Uwarki ke nan, da ni, da ke."

Aka zo aka kama hannunsa zuwa gaban taro. Bishop, shugaban cocin, ya yi addu'a, aka rera waƙa, magajin gari ya yi dogon jawabi kan juriyar mutanen da da kuma yadda ba su taɓa yasar da nasu ba. Verl yana zaune yana kallon takalmansa. Da aka kira shi, ya tashi ya ja ƙyallen. Dutse ne mai sheƙi da allon tagulla, an zana mutum da mace suna tura amalanke, an rubuta sunan Mogens da na matarsa a ƙasa. Mutane suka yi ta tafi. Aka miƙa masa abin magana.

Tun a mota yake shirya abin da zai faɗa musu, maganar da za ta hana Nedra barci. Amma da ya dubi taron, sai ya ga mutanen da ya yi kiwo da su, da matan da suka kawo masa abinci lokacin makoki, duk suna murmushi, wasu har da ƙwalla. Ba mai jin ya yi masa laifi. Sai ya fasa.

"Dutsen ya yi kyau," ya ce. Ya mayar da abin maganar.

Suka sake tafawa, har wani ya ce tsohon ya kasa magana don daɗi.

Bayan nan aka buɗe ƙofar gaba, mutane suka shiga layi. Verl ya bi su. Ciki ya cika da kayan da bai taɓa gani ba: abin kaɗi, tukunyar ƙarfe, wani gado da aka samo daga wani gari. An ɗaura jar igiya a ƙofar ɗakin gaba. Ƙugunsa yana zafi, ya ɗaga igiyar zai shiga ya zauna.

"Yi haƙuri, Kaka, ba a wuce igiya," in ji wata budurwa mai hular gargajiya da aka sa ta yi wa baƙi bayani. Ba 'yar garin ba ce, ba ta san shi ba.

"A ɗakin nan aka haife ni, 'yan mata."

"Kai, da gaske? Abin sha'awa!" Ta yi masa murmushi, hannunta dai yana kan igiyar. "Amma kayan tsofaffi ne, ba sa son taɓi."

Ya saki igiyar. Can kuma fitsari ya matse shi, ƙafarsa ta ɗauke shi da kanta zuwa ƙofar baya kamar yadda ta saba, sai ya yi karo da bango. Budurwar ce ta nuna masa inda za shi: wasu banɗakunan roba da aka jera a bakin titi saboda biki. Ya bi layi a bayan yara, cikin rana, da farar rigarsa ta coci.

Suna shirin tafiya Nedra ta tare su a bakin mota. Ta ce wata shawara ta zo mata. Baƙi suna son ganin jinin masu gidan. Me zai hana ya riƙa zuwa duk Asabar lokacin zafi, ya zauna a barandar gaba, ya ba su labari? Akwai hula da falmaran irin na da, za su ara masa.

"Haba, 'Yar'uwa Nedra," in ji LaRae, fuskarta ta yi ja. "Babana ba abin kallo ba ne."

Verl ya dube ta, har sai da ta sunkuyar da kai. Sannan ya juya ga Nedra.

"Baranda kawai?"

"In an yi ruwa sai ka shiga ciki, gefen ƙofa."

"Zan zo."

Haka aka yi. Duk Asabar LaRae takan tuƙo shi tun da safe. Yakan sa hular aro, wadda ta yi masa yawa, ya zauna a barandar. Motoci su tsaya, mutane su sauko, su ɗauki hoto da shi, su tambaye shi labarin Mogens. Yana ba su: amalanke, ƙanƙara, 'ya'ya biyu da aka binne a hanya. Wasu su share hawaye, su gode masa. Ba wanda ya taɓa tambayar sa wa ya zauna a gidan bayan Mogens, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Da yamma Nedra takan zo ta karɓi hular da falmaran, ta rataye su a ciki, ta kulle ƙofa ta jefa makullin a jakarta.

"Sai Asabar, Ɗan'uwa Verl. Allah Ya huta gajiya."

In LaRae ta makara, sai ya sauko daga barandar a hankali, ya koma bakin titi ya jira ta a tsaye, saboda bayan an rufe ba a zama a harabar gidan.