Miyar Ranar Haihuwa

Pyo Deok-su na kutsawa cikin iyayen da suka cika ƙofar makarantar da ake jarrabawar shiga jami'a, rungume da kular abinci, sai murfin ya ɗan goce, ƙanshin man riɗi ya tashi. Wata mata da ke liƙa alewa mai danƙo a jikin ƙofa, don ɗanta ya manne wa jami'a, ta juyo tana shinshina iska.

"Malam, kar dai ka ce min miyar ganyen teku ce a nan."

"Ita ce. Yau ranar haihuwar 'yata."

"Kai jama'a. Miya mai santsi ranar jarrabawa? So kake yarinya ta zame ta faɗi? Ina uwarta take, ta bar ka da wannan ɗanyen aiki?"

"Ta rasu. Bara."

Bakin matar ba irin mai hutawa ba ne. Ta rage murya. "Allah sarki. Amma dai ka ɓoye ta. In ta sha ta faɗi, kai za ta riƙa gani har ta tsufa."

Ba wai bai san maganar santsin ba ne. Duk ƙasar nan babu wanda bai sani ba, har yaran goye. Sai dai matarsa ce ke riƙe irin waɗannan abubuwa a kai, shi nasa kamun kifi ne. Da ya tsaya gaban tukunya, ranar haihuwa kawai ya tuna, don miyar nan ake sha a irin ranar. 'Yarsa Seul-gi ta binne uwarta gab da jarrabawar bara, makinta bai kai ba, ta tattara ta koma Seoul, ta kama wani ɗaki kamar akwati kusa da makarantar masu maimaitawa. Tun daga nan hirarsu a waya ba ta wuce "Kin ci abinci?" da "Na ci." Yana jin tana yi masa nisa, kuma miyar nan ce kaɗai maganar da ya iya.

Ɗalibai 'yan ajin ƙasa na ta kaɗa ganguna suna kiran sunayen yayyensu. Mai maimaitawa ta riga ta bar sakandare, don haka babu mai kiran nata. Ya hango ta tana tahowa ita kaɗai, ta rame, jakarta ta fi ta girma. Ya yi maza ya tura kular bayan ƙafafunsa.

"Baba? Ya aka yi ka zo?"

"Wucewa nake."

"Daga bakin teku kake wucewa ta Seoul?" Ta ɗan yi murmushi, irin na uwarta. Ta dubi hannayensa, babu komai a ciki. "Baba, yau wace rana ce?"

Ya ji idon matar nan a ƙeyarsa. Ya ji ɗumin kular a agararsa.

"Ranar jarrabawa mana. Ki natsu, ki karanta tambaya da kyau."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To," ta ce, ta gyara jakarta, ta shige ba ta waiwayo ba. Bai taɓa jin kunyar kansa irin ta wannan lokacin ba.

Ɗan sanda ya sauke wani ɗalibi makararre daga babur, aka ja ƙofa aka rufe. Ganguna suka yi shiru. Iyaye suka watse, wasu coci, wasu ɗakin ibada a kan dutse, aka bar titi da takardun alewa.

Matar ta ɗaure gyalenta. "Ka kyauta, Malam. Ka je gida ka huta, sai yamma lis za su fito."

"Babu kowa a gidan," ya ce.

Ya zauna a gindin katanga, ya ɗaure murfin da kyau. Sanyi na ratsa ƙafa, kuma kular tsohuwa ce, ba ta riƙe zafi kamar da. Ya buɗe rigar sanyinsa, ya cusa ta ciki a jikin tumbinsa, ya ja zif har wuya.