Fuskar Mal-sun Ba Ta Aro Ba Ce

Shekara sittin da ɗaya Bu Mal-sun tana nutso a tekun tsibirin Jeju, numfashinta kawai take riƙewa ta sauka ta ɓamɓaro katantanwa daga jikin dutse. Sai ga wani kamfanin Seoul ya ce zai yi wasan kwamfuta a kan mata masu nutso, kuma da fuskokinsu na gaskiya. Aka ce kowace ta kawo hoto ɗaya mai kallon gaba, akwai manhajar da za ta karanta hoton ta sassaƙa fuskar, a ɗora wa mutum-mutumin cikin wasa.

To wane hoto tsohuwa ke da shi wanda ta zauna tsaf tana kallon gaba? Sai na jana'iza, wanda ake ɗauka tun mutum na da rai a ajiye a saman kabad. Su takwas, shi kowace ta naɗo a ƙyalle ta kai. Ba wadda ta tuna cewa mai hoton garin ba ya sakin hoto sai ya goge tamoji, ya haska fata, ya rage haɓa. Al'adarsa ke nan, ko ba a roƙa ba.

Ranar da Manaja Pyo, wakilin kamfanin, ya dawo da kwamfutarsa, suka taru a ɗakin sauya kaya na bakin teku. Ya danna, fuskoki takwas suka jeru suna juyi hagu da dama, farare sumul kamar dafaffen ƙwai.

"Wace ce ni a ciki?" in ji Mal-sun.

"Ta uku, Samchun," ya amsa da sunan girmamawar da ake kiran manya da shi a tsibirin.

Ƙawarta Ko Bok-hi ta tuntsire da dariya. "Yaya, ashe haka kike da kyau muka bar ki kika auri mai gyaran inji?"

"Rufe min baki. Ke ce ta biyar, ko ta shida? Uwar da ta haife ki ma ba za ta gane ba."

Pyo ya shimfiɗa takardun yarda da jan tawadar hatimi. Ya ce jirginsa ƙarfe biyar zai tashi, a buga masa ya wuce. Mal-sun ta damƙe hatiminta a tafin hannu. Jikokinta na Seoul sau ɗaya suke zuwa a shekara, kawunansu sunkuye a kan waya. In za su san kakarsu, a cikin wannan wasa za su san ta, har bayan an kai ta makwanci. Kuma wannan 'yar tsana za a nuna musu a ce ita ce?

"Ba zan buga ba."

"Samchun, hoton da kika ba mu ne fa. Manhaja ba ta ƙara komai ba."

"Kuskurenmu ne, na yarda. Wancan na masu zuwa ta'aziyya ne, su kalla su yi min ƙarya. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗan nan. Ina zoben da gilashin nutso ya zana min a goshi? Ina tabon da dutse ya yi min a leɓe?"

"Masu wasa sun fi son fuska mai laushi. An gwada, an gani."

"To ka sa ta uwarka."

Bok-hi ta mayar da nata hatimin cikin aljihu, sauran shidan suka bi sahu. Pyo ya dubi agogo, ya ce ko an sake ɗauka yanzu, zoben ba ya fitowa sosai a hoto.

"Ba ya fitowa a busasshiyar fuska," in ji Mal-sun. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Biyo ni."

Ta zura baƙar rigar roba, ta ɗaura darma a ƙugu, ta shiga ruwa. Awa biyu cur ya yi tsaye a kan baƙin dutse da takalmin ofis, iska na kaɗa shi, yana jin fiton numfashinta duk sa'ad da ta ɓullo. Da ta fito ta cire gilashin, zoben ya kwanta jawur daga goshi zuwa ƙarƙashin hanci, leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi.

"Ɗauka, tun bai baje ba."

Ya ɗauka. A ɗaki manhajar ta yi ta lissafinta, fuska ta fito. Yatsansa ya nufi maɓallin sulɓe fata kamar yadda ya saba, ta buge hannun da bayan cokali.

"Kaɗan kawai, Samchun. Shugabana zai yi faɗa."

"Ya zo ya same ni a ruwa."

Ƙarfe biyar ta wuce yana ɗaukar mace ta shida, don kowace sai da ta yi nutsonta. Mal-sun ta matso da kujera, ta sa ya juya mata tata fuskar da ke cikin kwamfutar hagu, ya juya dama. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ido ya shige ciki, fatar kamar busasshen kifi.

"Kai, Yaya, wannan za ta kori yara," in ji Bok-hi.

"Mummuna ce," Mal-sun ta ce. "Ni ce."

Ta hura wa hatimin iska, ta danna shi a tawada, ta buga a takardar yarda da ƙarfin da ya sa teburin ya girgiza.