Layin da Ya Ɓace

Wata bakwai ke nan Uwar Tambaya tana kallon layi biyu a kan fim irin na hoton ƙashi, ɗaya baƙi wuluk mai kauri, ɗaya siriri a ƙasansa kamar gashin gira. Abokan karatunta ne suka laƙaba mata sunan, don ko sannu ka yi mata sai ta nemi dalili. Bincikenta a kan wata 'yar ƙofa ne a jikin ƙwayoyin zuciyar ɓera, wadda sinadarin fotasiyam ke bi ya fita. Ido ba ya ganin ƙofar, sai an tura wani sinadari mai suna antibodi ya nemo ta ya manne mata, sannan layi ya fito a fim. Ita dai tuni ta yanke hukunci cewa mai kaurin ne ƙofar, har babi uku na kundin digirinta ta rubuta a kansa. Siririn kuwa ta ce datti ne.

Farfesanta ya ƙi sa hannu sai an yi gwajin feftaid. Feftaid ɗin wani guntun ƙofar ne. Ana cuɗa shi da antibodi kafin a zuba, ya cika masa hannu, ya hana shi kama ƙofar. Layin gaskiya sai ya ɓace, na ƙarya ya zauna daram.

Da 'yar kwalbar garin feftaid ɗin ta iso, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ga wayam.

"Baba, iska suka aiko mana," ta ce wa dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, tana shirin murɗe murfin.

"Kul, 'yata. Garin yana maƙale a murfi. Kika buɗe haka, numfashinki ma ya isa ya kwashe shi."

Ya sa kwalbar a injin juyi na minti ɗaya. Sai ga ɗan ɗigo fari a gindinta, bai kai ƙwayar gishiri ba.

"Yanzu wannan ɗan mitsitsin ne zai yi wa babi uku shari'a?"

"Shi fa," in ji Baba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta jera sabon fim kusa da tsohon. Mai kaurin yana nan, ko gezau bai yi ba. Siririn ne ya yi ɓatan dabo.

Kunya ta rufe ta. Ashe wata bakwai baƙo take yi wa hidima, mai gidan tana kiran sa datti. Abin takaicin ma, duk hoton da ta adana a kwamfuta, da hannunta ta yanke siririn don shafin ya yi kyau.

Duk da haka bakinta bai mutu ba. "To shi wannan ƙaton wane ne? Me antibodi ya gani a jikinsa?" Sai muryarta ta yi ƙasa. "Baba, tsofaffin fim ɗin nan da na ce ka zubar..."

Ya jawo durowar ƙasa, wadda take cijewa sai an sa ƙafa.

"Ga su nan," ya ce. "Siririn naki yana kan kowanne."